Harafin Da Ke Jikin Tayar Babur Ba RAM Ba Ne

Mu da muka taso da waya a hannu muna da wata ɗabi'a: in muka ga lamba ko harafi a jikin kaya, sai mu ɗauka na sama ya fi. RAM 8 ya fi 4, kyamara mai megafiksel 108 ta fi mai 50. Da wannan idon ne matasa da yawa ke zuwa sayen taya wa baburansu na kuruza, wato masu dogon jiki da kujera ƙasa-ƙasa irin su Harley-Davidson, Honda Shadow ko Bajaj Avenger. Mai shago ya ce wannan "V" ce, ta fi gudu, sai a ƙara kuɗi a ɗauka. Ni dai a ganina an bar abin da ya fi muhimmanci.

Duba gefen tayarka. Za ka ga rubutu kamar 130/90-15 66P. Lambar farko faɗin taya ne a milimita, 90 tsayin gefenta ne a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin, 15 kuma girman rim a inci. Sai 66 da P, inda zancen yake.

Harafin yana nuna iyakar gudun da aka gwada tayar ta jure: P kilomita 150 a awa, S 180, T 190, H 210, V 240, W 270. (H ta faɗo tsakanin U da V, ba ta bin jerin haruffa. Duk mai rubuta manhaja ya san irin wannan tsohon tsari da aka gada, kowa na tsoron taɓawa.) Abin da ake aunawa a gwajin shi ne zafi. Taya na lanƙwashewa tana miƙewa a kowane juyi, wannan ke haifar da zafi a cikinta, zafin kuma shi ke raba roba da zaren da ke riƙe ta. Harafin bai ce komai game da riƙe kwalta a ruwan sama ko daɗewa kafin ta suɗe ba.

Kuma an yi gwajin ne da sabuwar taya, da iska daidai, da lodin da bai wuce ƙa'ida ba. Tayarka mai faci biyu, mai ƙarancin iska, a titin Kano zuwa Zariya cikin zafin Afrilu, ba ita aka gwada ba.

Shi ya sa na fi damuwa da lambar da ke gaban harafin. Ita ce nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka: 66 kilo 300 ne, 71 kilo 345, 77 kilo 412. Kuruza babur ne mai nauyi, wasu Harley sun haura kilo 300 tun kafin mutum ya hau, kuma in an yi goyo da jaka yawancin nauyin kan tayar baya yake sauka. Taya mai V wadda lambar nauyinta ta gaza abin da kamfanin babur ya rubuta ta fi mai H da ta cika ƙa'ida haɗari nesa ba kusa ba.

Wani zai ce ai harafi mafi girma ba ya cutarwa. Gaskiya ne, in girma da nauyi sun dace, saka shi ba laifi. Sauka ƙasa da harafin da ke littafin babur ɗinka ne ba a yi, ko da ba ka wuce 100 a awa. Sai dai tayoyi masu manyan haruffa galibi na baburan tsere ne, robarsu ta fi laushi, a babur mai nauyi tsakiyarsu kan cinye da wuri. Ka biya da tsada, ka canza da sauri.

Kar kuma ka haɗa mai "R" a gaba da wadda ba R ba a baya, sai in kamfanin ne ya tsara haka, domin ginin cikinsu daban ne.

Sai ranar haihuwa. A ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Michelin na ba da shawarar a riƙa duba taya duk shekara in ta kai biyar ana amfani da ita, a cire ta in ta kai goma ko da zanenta bai goge ba. 'Yan gwanjo da ake gogewa da mai su yi ƙyalli, a nan asirinsu ke tonuwa. Kunna fitilar wayarka, ka ɗauki hoton gefen tsohuwar tayarka da shafin littafin babur kafin ka shiga kasuwa, ka gwada lamba da lamba a gaban mai shago.