Darasin Tukunus ga shugabannin ma'aikata

Duk wanda ya san ƙasar Kurfai ya san Tukunus, kimanin kilomita 20 arewa da Filinge. Tun shekara ta 1954 ake kiwon shanun Azawak a can. Ana zaɓen saniyar da ta fi nono, ana rubuta asalinta, ana bin lafiyarta shekara da shekaru. Da wannan haƙuri ne sunan Tukunus ya kai ƙasashen waje.

Mutum ya fi dabba daraja nesa ba kusa ba. To, ina dalilin da za mu kula da saniya haka, mu mance da ma'aikacin da muka tura ƙauye?

Ga malamin makaranta da ya fito makarantar horon malamai, aka kai shi wani ƙauye na Shikal ko Damana. Ya yi shekaru yana koyarwa cikin rumfar kara. Takardar neman ƙarin girmansa tana kwance a Yamai, kilomita wajen 180 daga Filinge. In an buɗe gurbin ƙaro ilimi, sai labari ya zo masa bayan an rufe rajista. Wannan bawan Allah, me zai hana zuciyarsa ta yi sanyi? Daga nan sai fashin aiki, sai neman a mayar da shi birni ta kowace hanya. Ɗan talaka ne ke asara, domin shi ake bari cikin aji ba malami.

Tun wajen 1998 ƙasarmu ta fara ɗaukar malaman sa-kai, daga baya na kwantaragi, har suka zama su ne mafi yawa a makarantun firamare. A shekara ta 2017 aka yi musu jarrabawa a faɗin ƙasa. Gwaji yana da amfani, amma awo ba ya ƙara wa sa ƙiba. Abin da ya kamata ya biyo baya shi ne horo, da hanyar shiga aikin gwamnati na dindindin.

Makarantun da za su yi aikin muna da su: ta koyon aikin mulki a Yamai, ta aikin gona a Kollo, da ta horon malamai a Tilaberi. Shawarata uku ce. A ware wa waɗanda suka yi aiki a karkara gurabensu na ƙaro ilimi. A lissafa shekarun ƙauye wajen ƙarin girma, balle a jahar Tilaberi inda rashin tsaro ya rufe makarantu da dama. Sannan kowane shugaba ya zauna da na ƙasa da shi, ko sau ɗaya a shekara, ya san gwanintarsa da burinsa.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. Ma'aikacin da ya ga gaba tana buɗe ba ya bukatar a tsaya masa a ka. Allah ya sa shugabanni su ji, su kuma aikata.