Ɗakin Haihuwa a Bakin Tekun Mekziko

A wannan wata za mu leƙa gaɓar Baja Kalifoniya ta ƙasar Mekziko, inda dabbar wel mai launin toka ke zuwa haihuwa. Mutane kan kira ta kifi, amma numfashin iska take yi, tana kuma shayar da ɗanta nono. Kowace shekara takan taso daga tekun ƙanƙara na arewacin Alaska ta gangaro kudu, tafiyar da zuwa da komowa ta haura kilomita 15,000, ta sauka a tafkunan bakin teku guda uku: Ojo de Liyebre, San Ignasiyo da Magdalena.

Sanin wannan maɓoya ya taɓa jawo mata bala'i. Daga 1857, da wani maharbin teku Ba'amurke mai suna Scammon ya shiga Ojo de Liyebre, aka riƙa kashe iyaye da 'ya'yansu saboda mai, har suka kusa ƙarewa.

Daga baya kuma sanin ya zama garkuwa. Tun ƙarshen shekarun 1970 masana ke ƙirga dabbobin daga cikin kwalekwale a San Ignasiyo, suna zana taswirar inda suke taruwa. Gani ya kori ji: masu jego sun fi son can cikin tafki, inda ruwa ba zurfi. Saboda haka aka keɓe wa kwalekwalen masu yawon kallo yankin da ke kusa da mashigin teku kawai. A 1993 UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya.

Duk da haka, gwamnatin Mekziko da kamfanin Mitsubishi na Japan suka shirya gina babbar masana'antar gishiri a San Ignasiyo, har da doguwar gadar lodin jiragen ruwa. Masunta da masana suka yi ta ƙorafi, har Shugaba Zedillo ya soke aikin a watan Maris na 2000.

Sai dai sauran aiki. Tsakanin 2019 da 2023 ɗaruruwan gawawwakinsu suka bayyana a gaɓar teku, da yawa a rame, kuma masana sun danganta abin da ƙarancin abinci a can arewa. Muna ganin ya kamata a tsare makiyayar kamar yadda aka tsare wurin haihuwar, domin uwar da ba ta ƙoshi ba ba za ta iya shayarwa ba.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.