A ajiye wa yaranmu insulin kusa da gida

Ya Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan yara masu ciwon suga nau'i na ɗaya, wanda jiki ke daina samar da insulin ɗungurungum. A nan Malumfashi har gobe wasu na ɗauka suga ciwon manya ne, na masu ƙiba da cin daɗi. 'Yar ƙanwata tana shekara shida aka gano nata, bayan an sha ɗura mata maganin zazzaɓi: fitsarin kwance, ƙishirwa ba dare ba rana, ga rama.

Da korona ta shigo a 2020, gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya kulle Daura a watan Afrilu, dokar ta riƙa bin ƙananan hukumomi. Kano ma aka rufe, Gwamnatin Tarayya ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Mu kuwa likitan yarinyar yana Kano, can muke sayo allurarta. Buhun masara zai jira a buɗe kasuwa, amma yaron da allura ta yanke masa, kafin a ankara sai amai, ciwon ciki, numfashi sama-sama, daga nan suma.

Ga bazara, ga rashin wuta, shi kuma insulin sanyin firji yake so. Uwar yarinyar takan ƙulle kwalbar a leda, ta tusa cikin jiƙaƙƙen rairayi a tukunyar ƙasa a gindin randa, tana yayyafa ruwa safe da yamma. Da takardun gwajin jini suka yi ƙaranci, sai aka koma kallon yarinyar: in ta fara gumi da makyarkyata, a jiƙa sukari a ba ta. Allah ne dai ya tsare.

Kada a ce ai korona ta wuce. A 2021 an katse layukan waya a Malumfashi da Funtuwa da Bakori saboda 'yan bindiga, ko kiran likita ya gagara.

Kirana ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina shi ne ta ajiye insulin da takardun gwaji a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, cikin irin firjin sola da ake adana allurar rigakafi, a kuma rubuta sunayen yaran. Duk ranar da aka sake rufe hanya, a ba iyayensu katin da jami'in tsaro zai gani ya ɗaga shinge.



Mai karatunku,
daga Malumfashi, Jihar Katsina