Waiwaye: Iskar da Ta Biyo Ɓarauniyar Hanya

Duk wanda ya zauna a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa a ƙarshen daminar 2021 ba zai manta da watannin nan ba. A ƙarshen Agusta Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar taƙaita matsalar tsaro: aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka hana sayar da fetur a jarka, aka ƙayyade lokacin zirga-zirgar babura. Cikin Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu ukun. Wanda babur ɗinsa ya mutu a daji a lokacin, ba shi da wanda zai kira sai Allah.

A cikin wannan hali babur ɗina ya fara ciwo. Da safe ba ya tashi sai na ja cok, in na mayar da cok ɗin ya mutu. In ya yi zafi kuma sai ya koma wani abu dabam: na saki totur amma injin na ta kuka a sama, sai ya ga dama ya sauko. A gangara salansa na harbi, tas-tas. Kuma a wancan zamanin wannan ƙara ba abin wasa ba ce, don na ga mata sun watsar da itace sun shige gonar dawa saboda ni.

Kowa na da amsa a bakinsa, wai man ne gurɓatacce. Ni ma na yarda, tunda kowace lita da wahala ake samunta. Sau biyu aka kwance mini kafireta aka wanke, aka canza fulogi, aka murɗa sukurun silo gaba da baya har kansa ya cinye. Kwana biyu sai ciwon ya dawo. An bar jaki ana ta dukan taiki.

Wani dattijon makanike a Funtuwa, inda muke zagayawa in za mu Faskari, shi ya gano abin. Bai taɓa sifana ba tukuna. Ya ce in tayar, ya tsuguna ya kasa kunne. Sannan ya kwance fulogin ya nuna mini bakinsa, fari fat kamar tokar murhu.

"Malam, babur mai lafiya fuloginsa launin ƙasa-ƙasa yake. Naka yunwar mai yake ji."

"Baba, ai tankin rabi ne."

"Ba a tanki yunwar take ba."

Ya mayar da fulogin, ya sa yaronsa ya kawo ruwa a gorar roba mai hudajjen murfi. Injin na silo, ya riƙa tsirta ruwan kaɗan-kaɗan a wuyan da ya haɗa kafireta da kan inji. Ta sama ba abin da ya canza. Da ruwan ya gangara ƙasa sai kukan injin ya faɗi, ya yi kamar zai mutu, ya farfaɗo. Ya sake, haka dai. Da aka zare robar wuyan ya lanƙwasa ta a gabana, sai ga tsaga ta buɗe baki a cikinta, siririya kamar kaushin dunduniya, a gefen da ido ba ya kaiwa.

Bayanin ba shi da wuya. Aikin kafireta awo ne: tana haɗa iska da fetur daidai gwargwado, wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai in an auna da nauyi. Duk lokacin da fistin ya sauka don shan haɗin yana zuƙa, kuma ba ruwansa da ta inda iska ta fito. In akwai tsaga bayan kafireta, iskar da ba a auna ba ta shiga, haɗin ya tsinke kamar kokon da aka cika wa ruwa. Abin ya fi tsanani a silo, lokacin da totur ke rufe, zuƙar ta fi ƙarfi, man da ke tafiya kuma kaɗan ne. Shi ya sa cok ke ba da sauƙi, domin yana ƙara mai. Tsinkakken haɗi kuwa zafi yake ƙara wa inji, ya ƙona bawul, in an daɗe ya taɓa kan fistin. Ga shi iskar ba ta bi ta matatar iska ba, ƙurar hanyoyinmu ta jar ƙasa take kwasowa kai tsaye ta ci ringi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda na yi ta biyan kuɗi ana daidaita abin da lafiyarsa ƙalau. Duk murɗin sukurun nan rufa-rufa ce, ana ƙara mai don a ɓoye ɓarakar da ba a nema ba. Laifina ne kamar yadda yake na masu gyaran, domin ni nake zuwa da sunan cutar a bakina, su kuma su yi mini abin da na ce.

Wasu da fetur suke wannan gwaji, injin ya ɗaga murya in an dace da wurin. Yana aiki, amma ban ga dalilin watsa fetur kusa da inji mai zafi da wayar fulogi ba alhali ruwa na nan. Kuma ba kullum roba ce ke tsagewa ba. Wani lokaci gasket ne ya yage, ko zoben robar da ke bakin kafireta ya bushe ya daskare, ko maɗaurin ya saki, ko an ɗaure noti ɗaya tamau kafin ɗayan har fuskar ƙarfen ta karkace. Naɗe wurin da tsohon tiyub ko shafa gam zai iya kai mutum gida, iyakarsa ke nan.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 nake jin 'yan acaɓa na yabon babur wai ba ya shan mai, wasu har roƙon makanike suke a ƙara matse sukurun. Abin yana damuna ƙwarai, don na san inda ake ƙarewa: kuɗin litar da aka tsimi ba zai sayi fistin da ringi ba.

A ranar nan a Funtuwa, dattijon ya kankare tsohon gasket da reza, ya goge fuskar ƙarfen a kan takardar yashi da ya shimfiɗa bisa gilashi, ya sa sabuwar roba. Notunan biyu bi da bi ya ɗaure su, wannan kaɗan, wancan kaɗan. Sai da injin ya yi zafi sannan ya taɓa sukurun, sau ɗaya. Ya sake tsirta ruwa ko'ina, kukan bai motsa ba. Na isa Faskari kafin la'asar. Bayan mako guda na kwance fulogin a ƙofar gida, na tarar bakinsa ya koma launin ƙuli-ƙuli.