A nuna tiyar da aka yi awo da ita

A jikin kowane mai rai akwai waɗansu sinadarai da masana ke kira anzim. Su ne ke gaggauta narkewar abinci da sarrafa sukari da sauran ayyukan da rai ya dogara a kansu. Masu bincike suna auna saurin aikinsu, su buga abin da suka samu cikin mujallun kimiyya. To, amma saurin anzim ba tsayayyen abu ba ne: yana canzawa bisa ga zafin ruwan da aka yi gwajin a ciki, da tsaminsa, da gishirin da aka zuba masa. Wanda ya ba da adadi bai faɗi waɗannan ba, tamkar wanda ya ce ya auna hatsi tiya goma ne, ya ƙi nuna tiyar.

Masana sun daɗe da fahimtar haka. A shekara ta 1961 wani kwamiti na ƙungiyar duniya ta masana sinadaran jiki ya ba kowane anzim lamba mai kashi huɗu, don a daina kiran abu guda da suna barkatai. A shekara ta 1999 aka amince da ma'auni mai suna katal, ko da yake da yawa sun ci gaba da aiki da tsohon ma'auninsu, sabo turken wawa. Daga baya, a shekara ta 2004, cibiyar Beilstein da ke birnin Farankfut na ƙasar Jamus ta haɗa masana na ƙasashe dabam-dabam cikin kwamitin STRENDA, suka tsara abubuwan da ya wajaba mai bincike ya rubuta: wane anzim ne, daga wace halitta aka samo shi, a wane zafi da wane tsami aka gwada shi, nawa aka zuba na kowane sinadari.

Waɗanda suka fi jin jiki da rashin wannan bayani su ne masu kwaikwayon aikin ƙwayar halitta gaba ɗayanta cikin kwamfuta. Ba su iya auna kome da kome da hannunsu, dole su tsinto adadi daga takardun wasu. In an gauraya wanda aka auna a digiri 25 da wanda aka auna a digiri 37, lissafi zai fito sumul, alhali bai dace da jikin kowa ba. Su ma a shekara ta 2005 sun shimfiɗa nasu ƙa'idodin, masu suna MIRIAM.

Abin takaici shi ne mujallu da dama shawara kawai suke bayarwa a bi waɗannan ƙa'idodi. Shawara kuwa ɗaukar ta sai an ga dama. Kamata ya yi shugabannin mujallu su mayar wa mai ita duk takardar da ta zo ba cikakken bayani. Wasu na cewa hakan zai takura wa ɗakunan binciken da ba su da hali. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin rubuta zafin da aka riga aka karanta a jikin na'ura ba ya cin ko dala.

Maganar kuma ta kai har asibiti. Ƙarancin anzim mai suna G6PD ya yawaita a Afirka ta Yamma, mai shi kuwa in ya sha firimakin, ɗaya daga magungunan zazzaɓin cizon sauro, jajayen ƙwayoyin jininsa na iya farfashewa. Jini guda da aka gwada a digiri 30 da kuma a digiri 37 adadi biyu yake bayarwa, likita kuwa da takardar da aka miƙo masa yake yanke shawarar ba da maganin ko hana shi.