Rigimar haraji a soshiyal midiya: An taya gwamnoni yaƙi, ba a nemi su kawo lissafi ba

A watan Oktoban 2024 ne Shugaba Bola Tinubu ya aika wa Majalisar Tarayya ƙudurori huɗu na gyaran haraji. Kafin wata ya ƙare gwamnonin Arewa sun zauna a Kaduna sun ce ba su yarda ba, daga baya Sanata Ali Ndume ya yi fatali da su, Gwamna Babagana Zulum ya ce za su durƙusar da yankin. Daga nan magana ta koma Facebook da X da TikTok, ta kwana can tsawon watanni.

Duk wanda ya ce surutun bai yi amfani ba, bai bi labarin ba. Ƙudurin farko ya nemi a ɗaga harajin VAT daga kashi 7.5 cikin ɗari, a hankali har ya kai 15, sannan a raba kashi 60 na rabon jihohi gwargwadon inda aka samo kuɗin. Dokar da Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 ta bar VAT a 7.5, ta kuma mayar da waccan 60 zuwa 30. Matsin lambar da matasa suka yi da wayoyinsu na cikin abin da ya ba 'yan majalisar Arewa ƙarfin tsayawa.

Sai dai a duba abin da aka yi faɗan a kai. Tambayar da ta cika shafuka ita ce nawa Legas za ta ɗauka, nawa zai rage wa Kano ko Borno. Wannan tambaya ce ta gwamna, domin asusunsa kuɗin ke shiga. Tambayar talaka daban take: in kuɗin sun iso, ina suke tafiya? Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kason da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru ƙwarai. Matashin da ya ƙarar da datarsa yana zagin Taiwo Oyedele, wanda ya shugabanci kwamitin gyaran harajin, da wuya ka same shi ya buɗe kasafin kuɗin jiharsa ya ga abin da aka ware wa asibitin garinsu. Ko hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, bai samu ko rabin wannan zafi ba, alhali aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Faɗan Kudu da Arewa yana da daɗin yaɗawa, kuma yanzu yana kawo kuɗi, tunda X da Facebook suna biyan masu shafi gwargwadon jama'ar da suka tara. Rubutun da ya ce an shirya kashe Arewa zai zagaya duniya kafin la'asar. Wanda ya zauna ya bayyana cewa a tsohon tsari ana lissafa VAT ne a inda hedikwatar kamfani take, abin da ya daɗe yana fifita Legas, sai 'yan tsiraru su karanta. Ga kuma sojojin baka, waɗanda da rediyo muka san su, yau kowane ɗan siyasa yana da nasa a intanet. Sukar Abuja ba ta hana su abinci. Sukar gidan gwamnati kuwa tana hanawa, wani lokaci ma har ta kai mutum ofishin 'yan sanda.

Sabuwar dokar ta ɗaga kason jihohi na VAT daga kashi 50 zuwa 55, ta kuma ɗauke harajin albashi ga wanda bai wuce naira 800,000 a shekara ba. Gwamnonin da aka taya faɗa sun fita da ƙari a hannu. Majalisun dokokin jihohi ne ke amincewa da yadda za a kashe shi, kuma galibinsu sukan amince da kasafin gwamna ba tare da wata gardama ba, ba kuma mai ɗaukar zaman ya ɗora a TikTok.