Gauraka Biyu a Bakin Tafki

'Yan'uwa manoma, a watan jiya yaran da ke kiwon awaki suka sheƙo gari da gudu, wai sun ga waɗansu manyan tsuntsaye biyu a bakin tafki, masu dogon wuya da tukku kamar an daura masu tsintsiya a ka. Ba wanda ya san sunansu cikin yaran. Sai da wani dattijo ya dogara sandarsa ya je ya duba, ya ce gauraka ne. Ya ce rabonsa da ganinsu tun yana saurayi.

Wannan abin kunya ne gare mu. Dā gauraka garke garke suke sauka a fadamun Arewa, kukansu yana tashe mutane da asuba. Yanzu sun kusa ƙarewa a Nijeriya. Gauraka a ƙasa yake yin sheƙa, cikin ciyawa mai ruwa, da damina. Idan muka nome fadama har bakin ruwa, muka ƙone sauran da rani, ina zai yi ƙwai? 'Yan kaɗan da suka ƙyanƙyashe kuma ana kama su a sayar wa masu kuɗi don adon gida.

Ba gauraka kaɗai ba ne. Ƙananan agwagin nan da ke cika tafki da hunturu daga Turai suke, sun ƙetare hamadar Sahara, su iso wajen Oktoba, su koma wajen Maris. Saboda irinsu ne aka sa tafkin Nguru cikin dausayoyin da duniya ta yarda a kiyaye a 2000, na Dagona da na Pandam kuma a 2008. Namu ba shi cikin kowane littafi, amma tsuntsu ba ya karatu, inda ruwa yake nan yake sauka.

Mun san abin da za a ce: tsuntsu yana cin shinkafa. Gaskiya ne. Dinya da kirinjijiya sukan taɓa gona, gauraka ma haka. Amma babban ɓarawon hatsi jan-baki ne, kuma hatsi mai guba da waɗansu ke watsawa a bakin ruwa ba ya zaɓe. Zalɓe da belbela, masu cin fara da ƙwari, su ma sukan mutu. Mushen nan kuwa, mu faɗi gaskiya, wani lokaci a kasuwa yake ƙarewa a kan tsinke. Haka wanda ya zuba gamalin a ruwa don kifin kwana ɗaya: ya kashe manya da 'ya'ya, ruwan kuma shi shanunmu ke sha, shi matanmu ke ɗiba in rijiya ta ƙafe.

Ga shawararmu. Sa'ad da ƙungiya ta zauna rabon filin noman rani bana, a bar taki ashirin na ciyawa daga bakin ruwa, kada a nome, kada a sa wuta. A rubuta cikin dokokin ƙungiya cewa wanda aka kama da guba a tafki ba shi da bashin taki a shekarar. Za a yi gardama, gama ƙasar bakin ruwa ita ce mafi albarka, kuma wanda kasonsa ya faɗa can shi zai yi hasara. To, sai a rage wa kowa kaɗan a cika masa. Sakatare kuma ya ware shafi ɗaya a littafinsa, duk wanda ya ga gauraka ya zo a rubuta rana da yawansu.